Seestar S50: wata 14 ina ɗaukar hoton nebula da ita daga saman bene a Kano, ga abun da na gani

Tambayar da aka fi yi min idan mutum ya ga hoton a wayata ita ce wai da gaske kai ka ɗauka ko daga intanet ka sauke. To ni na ɗauka, da wata 'yar na'ura baƙa da bata kai girman kular abinci ba, sunanta Seestar S50, kuma tunda yanzu na kwashe wata 14 da ita, na ga damina da ita na ga hunturu na ga zafin Afrilu, ina ganin lokaci yayi da zan zauna in faɗi abun da take iya yi da wanda bata iya yi, saboda kuɗinta ba ƙananan kuɗi bane a wajen irinmu kuma bana son wani ya saya da tunanin da ba shi ba.

Kamfanin ZWO ne ke yinta, suna garin Suzhou a ƙasar Sin, dama can sun yi suna wajen ƙera kyamarorin ɗaukar taurari. A 2023 suka fito da ita a kan dala 499. Ni wani ƙanina da ke zuwa sari ne ya taho min da ita, don wanda na fara tambaya a nan gida kuɗin da ya faɗa min ya kusa ninka na asali, kawai nace masa na gode. A cikin akwatin akwai ita kanta, nauyinta wajen kilo 2.5, sai ɗan mazauninta mai ƙafa uku gajere bai kai gwiwa ba, wayar caji, da filtar rana. Shikenan. Lensinta faɗin milimita 50 ne, nisan da yake tara haske milimita 250, sensar ciki ta Sony ce IMX462 mai fiksel 1920 a 1080, wato miliyan 2 kacal, wayar da ke aljihunka ta ninka ta sau da yawa a wannan lissafin. Batir 6000mAh, ma'ajiya gig 64.

Abu na farko da ya kamata ka sani tun kafin ka taɓa aljihu: babu inda zaka kafa ido ka leƙa. Babu. Duk abun da ta gani a fuskar wayarka zaka ganshi ta manhajarta. Na san wannan yana kashe wa wasu gwiwa, nima da farko sai da naji wani iri, amma daga baya na gane ai dama abun da nake nema ido baya iya ganinsa. Nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura a can cikin sarari, wani a cikinsa ake haifar sabbin taurari, wani kuma ragowar tauraron da ya mutu ne, kuma haskensa yayi rauni ƙwarai, ko da babban madubin hangen nesa ka leƙa yawanci toka-toka zaka gani kamar hayaƙi, saboda idon mutum baya rabe launi a cikin duhu kuma baya tara haske, abun da ya shigo yanzu ya wuce yanzu. Ita kyamara tana tarawa. Wannan na'urar tana buɗe ido daƙiƙa 10 ta rufe, ta sake buɗewa daƙiƙa 10, ta ɗora na biyu a kan na farko, na uku a kai, haka haka har ɗaruruwa, kai kuma kana kallo a waya hoton yana ƙara fitowa kamar ana wanke shi. Kamar ka tara ruwan sama ne da kwano, ɗigo ɗaya ba komai bane amma ka bar kwanon a waje.

Daren farko bazan manta dashi ba. Ƙarshen Oktoba ne, ruwa ya ɗauke, sama tayi tas. Na hau da ita sama bayan isha'i na ɗan yi ta fama da daidaita ƙafafun don sai ta zauna daram babu karkata, manhajar tana nuna maka da'ira biyu sai sun hau kan juna, sannan tace ka ɗaga na'urar ka juya da ita don ta gane gabas da yamma. Nan ga wata shawara da na koya da kaina, rodin da ke cikin dakin yana ruɗa kamfas ɗin ciki, don haka ka ɗora ta a kan teburin katako mai ƙarfi ko benci, kar ka ajiye dab da tankin ƙarfe. Na jira har wajen sha ɗaya da rabi taurarin nan uku da ke jere, ɗamarar Oriyon, suka ɗago daga gabas sosai. Na danna M42, wato nebulan Oriyon da ke kusa da su. Sai naji ɗan ƙaran mota siririn nan, hannun ya ɗaga a hankali ya juya, ta ɗauki hoton wajen ta gwada shi da taswirar taurarin da ke cikinta, ta ɗan gyara, ta sake gyarawa, ta saita fokas da kanta. Hoton farko na daƙiƙa 10 ya faɗo. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Ga abun nan, fari a tsakiya, ja-ja a gefe, fukafukai biyu a buɗe. Bayan minti 5 jan ya cika, duhun ƙurar da ya ratsa ta gefe ya fito, a minti 20 har ɗan shuɗin da ke samansa, wanda ake kira NGC 1977, ya bayyana a hoto ɗaya. Abun da ke nesa da mu tafiyar haske ta shekara wajen 1,350, kuma shekarar haske ɗaya kusan kilomita tiriliyan 9.5 ce. Ba abun da na iya cewa sai subhanallah, nayi ta maimaitawa ni kaɗai a saman bene.

Ka tuna fa wannan nebulan shine na farko da aka taɓa ɗauka a hoto, Henry Draper ne a Amurka a 1880, da madubi mai faɗin inci 11 ya bar shi a buɗe wajen minti 50, kuma abun da ya samu ɗan dishi-dishi ne. Yau abu mai faɗin yatsu uku yana baka wanda ya fishi a cikin minti ɗaya. Shi kuma harafin M ɗin daga sunan Charles Messier ne, Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya, ya riƙa rubuta abubuwan da ke masa kama da su don kar su riƙa ɓata masa lokaci, jerin ya fara fitowa a 1774 yanzu abu 110 ne a ciki, kuma duk suna cikin manhajar, dannawa kawai zaka yi.

Maganar ko daga intanet take saukewa, Baba mai gadin layinmu ne ya fara min ita. Ya hango ɗan jan haske a sama ya kira ni yace Malam lafiya dai ko, me ake yi a saman nan da tsakar dare. Nace Baba hawo ka gani. Ya hau yana haki, na miƙa masa wayar, ya daɗe yana kallo sannan yace to ai wannan 'yan waya sun iya haɗa irinsa, ina shaidar daga nan sama yake. Nace Baba ara min hularka. Na rufe bakin lensin da ita, nan take ta fara ƙin karɓar hotunan tana cewa bata ga taurari ba, na cire hular ta ci gaba da tarawa. Yayi shiru, can yace ikon Allah, wato duk wannan yana saman kanmu muna ta barci. Tun ranar idan ya ga na hau sai ya tambaya yau wanne za'a kamo. Kuma wannan ma darasi ne, a halin tsaron da muke ciki kar ka je wani waje da daddare ka kafa abu mai juyawa da kansa yana ƙyalli baka gaya wa kowa ba, a unguwa ka sanar da masu gadi, a ƙauye ka fara zuwa wajen mai unguwa da rana ka gaisa ka nuna masa abun, in da hali ka kunna masa ya ga wata. Mutane suna ɗauka jirgin leƙen asiri ne, kuma basu da laifi.

Yanzu bari in zo kan abun da na fi so a jikinta, filtar da ke ciki. Nebula irin masu haifar taurari ba kowane launi suke fitarwa ba, yawancin haskensu a siraran layuka biyu yake, jan haidurojin a nanomita 656 (ma'aunin da ake rabe launukan haske da shi kenan) da kore-shuɗin oksijin a wajen 500. Filtar tana barin waɗannan biyun su wuce ta tare mafi yawan sauran, to da yake hasken fitilun gari a baje yake a ko'ina, sai kaga ta yanke kaso mai yawa na ƙazantar hasken ta bar maka nebulan. Dannawa ɗaya ne a manhaja zakaji ƙas ta shiga. A Kano wannan ba ƙaramin abu bane, don yanzu kowane gida da fitilar sola fara ƙal a bakin ƙofa, ga na titi, ga gidajen mai, da can idan aka ɗauke wuta unguwa takan yi duhu ka ga taurari, yanzu ko an ɗauke sama tana nan fari-fari. Akwai ma'aunin duhun sama da John Bortle ya fitar a 2001, daga 1 wato duhu na ainihi zuwa 9 tsakiyar babban birni, kuma duk wanda ke cikin gari yana can ɓangaren sama na ma'aunin. Da filtar nan na kama Kan Doki daga saman benen nan, wancan baƙin gajimaren ƙura mai siffar kan ingarma da ke kusa da Alnitak, tauraron gefe a cikin ukun nan na ɗamara. Amma fa sai da na tara sama da awa ɗaya kafin kan ya fito da kyau, a minti 10 na farko inuwa ce kawai wadda in ba ka san inda take ba bazaka lura ba. Wata mata ce Williamina Fleming ta fara gano shi a 1888 a jikin farantin hoto a Harvard, ba da ido ba, kaga tun asali abun na kyamara ne. A gefensa a hoto ɗaya akwai NGC 2024 mai kama da harshen wuta, shi kam da wuri yake fitowa.

Sai dai kar ka bar filtar a kunne a kan komai. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, ita ma akwai hazo shuɗi a kewaye da taurarinta, amma wannan ƙura ce da ke mayar da hasken taurarin, ba ita ke fitar da nata ba, in ka sa filta ka kashe shi. Haka tarin taurari da sauran damin taurari na nesa irin Andromeda, duk a cire. Na ɓata dare guda kafin na gane haka.

To ga inda take da iyaka, kuma wannan ba ɓoyayyen abu bane haka aka ƙera ta. Filin da take gani ƙarami ne, digiri 0.73 a 1.29, a tsaye kamar hoton waya. Wata cikakke rabin digiri ne don haka yana shiga daidai, Oriyon ma ya shiga da ƙyar, amma manyan nebula basa shiga. Rosette da ke gabas da Oriyon, mai kama da fure, nisan shekarar haske wajen 5,000, faɗinta ya fi digiri ɗaya, sai dai ka samu tsakiyarta gefuna a yanke. Daga baya sun ƙara wani tsari a manhajar da take ɗaukar gefe-gefe tana ɗinkewa ta baka fili mai faɗi, yana aiki kam, amma lokacin da zaka kashe ya ninka don kowane ɓangare sai ya samu nasa rabon hasken. Wanda manyan nebula ne burinsa ya duba ƙanwarta S30 ko Dwarf 3 na wani kamfanin, su filinsu ya fi faɗi amma lensinsu ya fi ƙanƙanta, ƙananan abubuwa sun fi fitowa a S50.

Na biyu, yadda take bin sama. Ita sama da ƙasa, hagu da dama take motsi, taurari kuma a da'ira suke tafiya, to a hankali hoton yana murɗawa a cikin firam ɗin, shi yasa ma bata iya buɗe ido da daɗewa, daƙiƙa 10 ne ko 20 ko 30, kuma bayan awa ɗaya zaka ga kusurwoyin hoton sun yi duhu da yayi-yayi sai ka yanke su. Wannan murɗawar tafi tsanani idan abu ya zo tsakar ka, kuma mu nan abun ya shafe mu sosai don Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Oriyon yana hawa har wajen digiri 73, Rosette ta wuce 80. Dabarar da nake yi ita ce in kama abu tun yana gabas yana hawowa, idan ya kusa tsakiya in koma wani, in ya gangara yamma in dawo masa. A 2025 sun ƙara tsarin da zaka karkatar da ita ta fuskanci tauraron arewa sai murɗawar ta tafi, amma sai ka sayi wani kan mazauni daban, kuma a wajenmu tauraron arewan digiri 12 kawai yake daga ƙasa, wato na'urar sai ta kusa kwanciya, dole ƙafafun su zama masu ƙarfi da nauyi.

Duniyoyi kuwa ka cire rai. Zuhal zaka ganshi da zobensa amma kamar ƙwayar gero, Mushtari ɗan farin ɗigo da watanninsa huɗu a jere, Zara haske kawai. Ba don su aka yi ta ba. Wata kam yana fitowa da kyau ƙwarai har ramukansa, rana ma da filtarta zaka ga baƙaƙen tabon da ke jikinta, amma don Allah kar ka taɓa juya ta wajen rana ba tare da ka manna filtar ba, sensar zata ƙone, kuma kar ka bar yara su yi wannan su kaɗai.

Amma gaskiyar magana babban abun da zai yanke maka hukunci ba na'urar bace, samanmu ce. Wannan ne abun da babu wanda ya gaya min kafin in saya. Shekararmu a wajen mai ɗaukar taurari kashi-kashi take. Daga Yuni zuwa Satumba hadari ne, kuma abun takaicin a daidai lokacin ne mafi kyawun nebula na tsakiyar damin taurarinmu suke sama da daddare, M8 da M20 da M17 da M16, wannan na ƙarshen shine mai ginshiƙan ƙurar nan da madubin Hubble ya ɗauka a 1995 duniya ta ɗauka. Amma idan akayi ruwa da yamma sama ta washe da tsakar dare, wayyo, babu sama mai tsabta irin wannan duk shekara, ruwan ya wanke ƙura tas, a irin wannan daren na samu M8 a minti 25 kamar an zuba jan garura, da duhun layin da ya raba ta biyu. Sai dai raɓa, dole ka kunna hitar da ke jikin lensin, ita kuma tana shan batir, awa 6 ɗin da kamfanin yace bazaka samu ba in tana kunne, ni dai kullum fawa bank na maƙale a jiki. In damina ta hana ka, ka same su a Afrilu kafin kiran assalatu, ko farkon Oktoba da an idar da isha'i kafin su faɗa yamma.

Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba shine kakarmu. Ba hadari, ƙura bata sauko ba. A nan na ɗauki M27 wanda ragowar tauraro ne da ya zubar da rigarsa, kore da ja, yana fitowa tun minti 2 na farko kuma girmansa daidai da wannan na'urar kamar don ita aka yi shi, da NGC 7293 mai kama da ƙwayar ido, shi kuma yana son haƙuri. Daga Disamba kuma sai hazo. Ranar da hunturu ya sauko da ƙurarsa ko taurarin ɗamara da ƙyar kake gani, ƙurar tana shanye hasken nebula sannan tana mayar maka da hasken gari, hoton sai ya fito ruwan ƙasa, babu filtar da ke maganin wannan. Kuma iska tana kaɗa ta, duk hoton da taurari suka ja layi sai ta watsar, sai kaga ka zauna awa ɗaya a agogo amma abun da ta tara minti 35 ne. Ka nemi lungun da bango ya tare iska. Amma ba kullum bane, a cikin hunturun akwai darare da ƙurar ke lafawa, in da rana ka ga sama shuɗiya ka hango nesa to daren nan kar ka yi barci. Bayan kowane fita ina hure lensin da ɗan famfon roba na masu kyamara, bana goge shi da riga ko hankici don ƙurar nan yashi ce tana karce gilashi, in naɗe hannun in mayar da ita akwatinta. Zafin Maris da Afrilu kuma yana ƙara wa hoto yayi-yayi don sensar bata da abun sanyaya ta, kar ka barta a mota ko ɗakin da ya sha rana sannan ka fito da ita kai tsaye, bari ta sha iska tukuna.

Ga wata kuma. Mu wannan ya zo mana da sauƙi don muna bin lissafinsa dama, daga wajen 25 ga watan Musulunci zuwa 4 ko 5 ga sabo sune dararen duhu, daga 10 zuwa 18 kuwa farin wata ya cika sama sai dai ka ɗauki shi watan.

Akwai abu ɗaya da muke dashi wanda mutanen Ingila da Jamus da suka fi mu kayan aiki basu dashi, kuma shine dalilin da yasa nake ganin na'urar nan ta dace da mu. Muna ganin kudancin sama. Nebulan Carina, NGC 3372, nisan shekarar haske wajen 7,500, ya ninka na Oriyon girma a sama kusan sau huɗu, su a can baya taɓa ɗagowa daga ƙasa, mu a nan yana hawa har wajen digiri 18 a kudu. Ƙasa-ƙasa ne, daga cikin gari gine-gine da hayaƙi sun rufe shi, don haka a Afrilu na ɗauke ta muka tafi ƙauyenmu, babu wuta babu sabis, kuma ita bata buƙatar data don wayfai ɗin kanta take bayarwa wayarka ta kama, intanet sai wajen kunnawar farko da sabunta manhaja. Bayan isha'i muka fita bayan gari bakin gonar kawuna, ni da shi da yara sun fi goma, na ɗora ta a kan turmi da aka kifa don ƙafafun sun yi gajarta ga ciyawa. Kafin ma in kunna, da ido kawai ga farin kogin taurarin nan ya ratsa kudu, ga taurari huɗun nan masu siffar gicciye can ƙasa. Na danna. Hoton farko kawai ya fi abun da nake samu a minti 10 a Kano. Ja ya cika fuskar wayar daga sama har ƙasa, baƙaƙen hanyoyin ƙura sun tsaga shi kamar rassan kogi, taurari kamar an watsa gishiri, kuma a tsakiya ga Eta Carinae, tauraron da ya yi wata irin fashewa har a 1843 ya zama na biyu a haske a duk sararin dare sannan ya dushe. Yaran suka yi tsit, kowa ya cusa kai. Kawu ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa yace ɗana wannan jan wuta ce ke ci a can? Nace Kawu kusan haka ne, iska ce da zafin taurari ya sa take haske. Yace to Allah ya fi mu sanin abun da ya halitta. Minti 40 muka samu kafin ya gangara cikin hazo, kuma har yau shine hoton da ke fuskar wayata. Tsakiyar kawai na samu fa, sauran bai shiga ba.

Wannan daren ne ya nuna min cewa duhu ya fi komai. Minti 15 a ƙauye ya fi awa 2 a gari. Kuma lissafin tarawa ba kai tsaye yake ba, in kana son hoto ya ninka tsabta sau biyu sai ka ninka lokaci sau huɗu, daga minti 15 zuwa awa ɗaya zaka ga bambanci sosai, daga awa ɗaya kuma sai ka kai awa 4. Abun daɗin shine in ka saita ta zaka iya sauka ka kwanta, ko wayar ta rabu da ita tana ci gaba da aikinta.

Hoton da manhajar ke baka nan take yayi kyau a waya, ya isa ka tura wa 'yan uwa. Amma in kana son ainihin abun da ke ciki ka kunna wajen da ke cewa ta ajiye kowane hoto ɗaya-ɗaya, kowanne wajen meg 4 ne a tsarin FITS, awa ɗaya kusan gig ɗaya da rabi, sai ka jona ta da kwamfuta ta buɗe kamar filash, ka kwashe ka haɗa su a Siril, manhaja ce ta kyauta. A nan zaka iya haɗa na daren jiya da na shekaranjiya, ka cire hasken gari da ya kwanta a gefe ɗaya, ka jawo jan da ya ɓuya. Ya ɗauke ni makonni kafin hannuna ya faɗa, kuma shawarata kar ka cika jan launi har abun ya koma kamar zanen atamfa, in ka matsa wa hoto mai fiksel miliyan 2 nan da nan yake fashewa. Tsakiyar Oriyon ma inda taurari huɗun nan suke a dunƙule takan ƙone tayi fari fat ko a daƙiƙa 10, a Siril ne kake ɗan dawo da ita. Buga shi a babban allo kuwa bazai yi ba, daidai girman takardar littafi dai yayi.

To wa zan ce ya saya? Wanda ya san zai iya zama a waje da daddare yana jiran abu ya fito a hankali, kuma yana da inda zai ga sama a buɗe, ko yana zuwa ƙauye lokaci-lokaci. Malaman kimiyya a makarantun kwana, wallahi ku kam wannan taku ce, ɗalibai 30 zasu iya kewaye waya ɗaya su ga M1, ragowar tauraron da masana taurari na ƙasar Sin suka rubuta fashewarsa a 1054, a daren da aka koya musu shi a aji. Hanyar da aka saba bi kafin irin waɗannan na'urori ita ce ka sayi mazauni mai bin taurari daban, madubi daban, kyamara daban, ƙaramar kyamarar saiti, kwamfuta, batir, wayoyi kamar na mai gyaran rediyo, kuɗi ya haura dala dubu biyu cikin sauƙi sannan ka yi watanni kana koyon haɗawa, kuma in abu ɗaya ya lalace babu inda zaka samu a kusa. Hotonsu ya fi nata nesa ba kusa ba, wannan ba musu. Amma ni da na tsaya jiran wancan da har yau ban ɗauki komai ba. Wanda kuma yake son ya kafa ido ya ga zoben Zuhal da kansa, ya sayi madubin leƙawa na gargajiya mai faɗin inci 6 ko 8, zai fi jin daɗin kuɗinsa. In zaka saya ka haɗa da fawa bank mai kyau da famfon hure ƙura, kuma in da hali mazauni mai tsayi.

Afrilu mai zuwa in Allah ya kaimu zan koma gonar Kawu da tsarin ɗinkin nan in gwada kamo Carina gaba ɗayansa, dare uku nake so a jere a ƙarshen watan Musulunci, na riga na gaya masa ya ajiye min turmin.